Yadda ake sauke kifi daga jirgi a auna shi a bakin ruwa

Masunci kan kwana a cikin ruwa, sanyi ya ratsa shi, sauro ya ci rabonsa, ya kuma dawo da kifi daidai gwargwado, amma kuɗin da zai koma da shi gida bai kai wahalarsa ba. Sau da yawa ba ruwan ne ya hana shi ba. A gaci asarar take aukuwa, tsakanin lokacin da hancin jirgi ya taɓa ƙasa da lokacin da aka karanta sikeli. Awa ɗaya ce ko biyu, amma a cikinta rana take dukan kifi, a cikinta ake cakuɗa babba da ƙarami, a cikinta ake auna ruwa da taɓo a matsayin kifi ko a zaftare wa mai kaya abin da bai kamata ba. Shi ma mai sayen a nan yake cutuwa, sai ya isa kasuwa ya ga rabin abin da ya biya ya fara wari.

A wajenmu babu tashar jirgi ta siminti. Ko a bakin dam ɗin Tiga da ke Bebeji, wanda aka kammala a 1974, ko na Challawa da ke Ƙaraye, ko fadamun Hadeja da Kirikasamma da Guri, tasha gaci ce ta yashi ko taɓo, kuma ba ta zama wuri ɗaya. Da rani idan ana sakin ruwan Tiga don noman rani a Kadawa da Kura, bakin ruwan sai ya yi ta ja da baya. A Jigawa kuwa ambaliyar damina da ciyawar kacala su ne ke cewa ga inda jirgi zai iya fitowa bana. Saboda haka duk abin da za a yi aiki da shi dole ya zama mai ɗaukuwa, a shimfiɗa shi da asuba, a naɗe shi da hantsi.

Kafin jirgi ya iso

Wanda zai karɓi kifi shi ya kamata ya riga jirgi zuwa, ba jirgi ya zo ya jira shi ba. Yanzu kusan kowane masunci da waya a aljihunsa, a ƙulle cikin leda. Tun yana tsakiyar ruwa ya kira ya ce ga abin da ya samu: tarwaɗa ce ta fi yawa ko karfasa, daro nawa za ta yi a ƙiyasi, akwai manya ko babu. Da wannan ne na gaci zai san yawan mazubi da ƙanƙarar da zai tanada, da kuma ko babur ya isa ko sai an nemo akori-kura.

Zaɓi wuri mai inuwa, mai ƙasa tauri, ba nesa da inda jirgi zai tsaya ba. In babu bishiya, a kafa sanduna huɗu a ɗaura tamfol ko zana. A ƙasa a shimfiɗa wani tamfol ɗin wankakke, ta yadda gefe ɗaya zai ɗan gangara ruwa ya riƙa zurarewa. Kada a zuba kifi a kan ƙasa tsura. Yashi yana manne wa yauƙin jikinsa, ya ƙara masa nauyin ƙarya, ya kuma bi shi har cikin tukunyar wanda ya saya.

Sai mazubai. Ana buƙatar daro ko baho da yawa don rarrabewa, da kwandon roba mai huji ko biyu don tsane ruwa, da yankakkiyar jarka ko rabin durom don masu rai. A ajiye bokitin ruwa mai kyau, wanda aka ɗebo daga can ciki, ba na bakin gaci da ƙafafu da shanu suka dama ba. Littafi da biro su zauna a hannun mutum ɗaya da hannunsa ba zai taɓa kifi ba.

Gwajin sikeli

Nan ne zan ɗan daɗe, domin yawancin rigimar bakin ruwa daga nan take tasowa. Sikeli uku aka fi gani. Akwai na rataye mai ƙugiya da allura, akwai na ajiyewa mai fuskar agogo da faranti a sama, sai kuma mai batir da ke nuna lamba. Kowanne da cutarsa.

Na rataye da mai agogo da sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai miƙewa ta dawo, suke aiki, shi kuwa sifirin gajiya yake yi, tsatsa kuma tana kama shi a wurin da kullum ruwa ne. Kafin a ɗora komai a duba allurar tana kan sifiri. In ta kauce, akwai ɗan noti da ake murzawa ta dawo, kuma a gaban kowa za a murza shi, daga nan ba mai sake taɓawa. Na rataye ba a riƙe shi da hannu. A ɗaure shi a reshe mai ƙwari, ko a haɗa sanduna uku a ɗaure kansu a rataye shi a tsakiya, yadda fuskarsa za ta zo daidai idon mai tsaye. Wanda ya karanta allura daga gefe zai ga abin da zuciyarsa take so. Haka kuma sikelin da aka yi don kilo 100 ba zai faɗi gaskiyar kilo 3 ba, gara a samu ƙarami don ƙananan kaya.

Mai batir ya fi sauƙin karantawa, amma yana son ƙasa a miƙe. A sa masa katako mai faɗi a ƙarƙashi, don in ƙafa ɗaya ta nutse a yashi lambar za ta canza. Batir mai rauni da jiƙa su ma suna sa shi ruɗewa. Sannan a duba ɗan rubutun da ke gefen lambar: kg yake nunawa ko lb? Na biyun laba ce, ita kuwa laba giram 454 ce, ba ta ma kai rabin kilo ba. Maɓalli ɗaya ne ke juya su, kuma ana dannawa bisa kuskure.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce masu tasha su samu guntun ƙarfe ko dutse mai nauyi, a kai shi gari a auna a sikeli biyu ko uku da aka amince da su, a rubuta nauyin a jikinsa da fenti, a ajiye wajen sarkin ruwa ko wani dattijo. Kowace safiya a ɗora shi kafin kifi. In babu wannan, ruwa ma ma'auni ne: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A auna jarka babu komai, a zuba mata lita goma da robar da aka tabbatar da cikarta, a sake aunawa. Abin da ya ƙaru ya zama kilo 10. Kada dai a dogara da cika jarka har baki, don jarkar da ake cewa mai lita 20 tana cin fiye da haka.

Wani mai sayen zai ɓata rai in an ce a gwada sikelinsa. Ba sai an yi faɗa ba. "Alhaji, ba zargi ba ne, haka muke yi wa kowa, har namu." Mai gaskiya ba ya ƙi, kuma duk mun san abin da Suratul Muɗaffifina ta faɗa a kan masu tauye ma'auni. Gargaɗin ya hau kan mai saye da mai sayarwa baki ɗaya.

Idan jirgi ya taɓa gaci

A jawo hancinsa sama, a kafa sanda a ɗaure, a bar gindinsa a ruwa. Mutum ɗaya ne ko biyu za su shiga, kuma yaran jirgin ne, ba duk wanda ya zo kallo ba. Wurin sauke kifi ba ya rasa masu "bari in taya ku", kuma a nan ne kifi biyu uku kan bi ta ƙarƙashin riga.

Kafin a fitar da ko ɗaya, a gama magana. Da kilo za a sayar ko da daro? Sikelin wa? Nawa za a cire na mazubi? Akwai ragin ruwa ko babu? Kuɗi hannu ne, ko turawa ta waya, ko sai an dawo daga kasuwa? Muddin kifi yana cikin jirgi a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, masunci yana da bakin magana, yana iya cewa albarka ya tura gaba. Da zarar an baje shi a tamfol rana ta fara ɗagowa, mai saye ya san ba inda za a kai shi, farashi kuma sai abin da ya ce.

Daga nan a kwashe ruwan da ya taru a cikin jirgin, don jini ne da yauƙi da taɓo, kifin da ya kwanta a ciki shi ke fara lalacewa. In jirgi mai inji ne a kula da fetur da baƙin mai. Kifin da ya sha warin fetur babu wankin da zai fitar da shi.

Wanda ya riga mutuwa shi ake fara fitarwa. Kifin kalli, ragar da ake kafawa ta kwana a ruwa, da na mamari, igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi, wani tun farkon dare ya mutu, ya kwana a ruwa mai ɗumi, kafin gari ya waye ya riga ya ci rabin lokacinsa. Na birgi, wato ragar jifa, da aka jefa da asuba ya fi shi sabunta. Na gura kuwa, tarkon da kifi ke shiga ya kasa fita, galibi da ransa yake zuwa, shi zai iya jira a cikin ruwa a inuwa. Masunci mai dabara tun a cikin jirgi yake raba su, na dare a gaba, na asuba a baya.

Da hannu ake ɗauka a sa a daro, ba a wurgawa, ba a takawa, ba a tura shebur. Kifin da ya bugu namansa yakan yi laushi a wurin, cikinsa ya fashe da wuri. Kada a cika daro ya yi tozo. Kilo 25 zuwa 30 ya isa abin da mutum zai ɗauka a kan taɓo mai santsi, kuma na ƙasa ba zai matse ba.

A kula da hannu. Ƙurungu yana da ƙaya uku masu tauri, ɗaya a baya biyu a gefe, in ya miƙe su sai su kafe, kuma sukarsa tana da raɗaɗi ƙwarai. Ragon ruwa da tarwaɗa su ma suna da tasu. Ana kama su ne ta bayan kai, yatsu su zauna a bayan ƙayoyin gefe. Tsage haƙora gare shi, gaiwa tana cizo, minjirya kuwa in da ranta za ta girgiza mutum har kafaɗa, gara a juye ta da kwanon roba. Wanda ƙaya ta soke shi ya wanke wurin da sabulu, ya tsoma a ruwa mai zafin da zai iya jurewa, in ya kumbura ya tafi asibiti. Masu shiga ruwa kullum don sauke kaya su nemi takalmin roba mai tsawo, saboda tsargiya, ciwon fitsarin jinin nan, ba baƙuwa ba ce a bakin dam da magudanan noman rani.

Rarrabewa

Wanda ya auna kifinsa a cakuɗe ya sayar da manyansa a kuɗin ƙanana. Mai saye zai tsoma hannu ya zaro mafi ƙanƙanta ya ɗaga, a kansa zai yi tayi.

Da farko a raba iri da iri: tarwaɗa da ramboshi gefe, karfasa gefe, ragon ruwa, ƙurungu, bargi, ƙawara da sauran ƙanana kowa da daronsa. Giwan ruwa da ɗan sarki, in Allah ya kawo su, ba a haɗa su da kowa. Sannan a cikin kowane iri a raba manya, matsakaita da ƙanana. Iyakar girman ba doka ba ce, kowace tasha da yadda ta saba, amma a tsayar da ita kafin a fara. Dabara mai sauƙi ita ce a zaɓi kifi ɗaya da kowa ya yarda shi ne ƙarshen manya, a ajiye shi a gefen tamfol. Duk wanda aka yi gardama a kansa a jera shi da wannan.

Rabo na uku shi ne na lafiya, kuma shi ne ke buƙatar ido. Ɗaga murfin kunnen kifin ka leƙa. Sabo ja ne jawur, babu wari sai ƙarnin ruwa. In ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka yana yauƙi, ya kwana biyu a ma'anarmu ko da jiya aka kama shi. Idon sabo a cike yake yana sheƙi, na wanda ya gaji ya faɗa ya yi hazo. Danna bayansa da yatsa: in wurin ya taso nan take lafiya lau, in ramin ya zauna ya fara tafiya. Ciki mai kumburi ko wanda ya fara tsagewa, da ɓawon da ke zubewa da an shafa, duk alama ɗaya ce. Wanda ya fara gajiya amma bai yi wari ba, a ware shi a miƙa wa masu banda ko masu suya yanzu-yanzu a kuɗinsa. Wanda ya yi ɗoyi ba na mutum ba ne, hayaƙi ba ya mayar da ruɓaɓɓe mai kyau. Kada a ɓoye guda biyar a ƙasan daro, don kafin a isa Kano sun shafa wa sauran.

In ka ga jirgi ya zo da kowane irin kifi a haɗe, manya da 'ya'ya har da waɗanda ba sa shiga koma, jikinsu babu sawun raga ko ƙugiya, namansu ya saki da wuri, ka yi tambaya, don haka kifin da aka kashe da guba yake zuwa. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba ko abin fashewa ko lantarki. Ita ce kuma ta hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato kusan inci uku, sai a wasu keɓaɓɓun nau'o'i. Ni a ganina mai sikeli ya fi jami'i ikon tsayar da wannan. Ranar da masu saye suka daina karɓar 'ya'yan karfasa masu faɗin yatsa biyu, masu kama su da gidan sauro za su daina.

A ɗauraye, a tsane

Kowane kashi a zuba shi a kwando mai huji, a watsa masa ruwa mai kyau taɓo da jini su fita, a jingine kwandon ya tsane. Minti biyar ya isa, amma a yi wa kowane kwando daidai. Ana yin wannan ne don a kashe maganar ragin ruwa. Inda ba a tsanewa, mai saye yakan ce zai cire kilo ɗaya ko biyu a kowane daro saboda ruwa, kuma kullum ƙiyasin nasa gefensa yake karkata. In an tsane a gabansa ba shi da abin cirewa sai nauyin mazubi.

Tarwaɗa mai rai ita ce mai wuyar sha'ani, ga yauƙi ga tsalle. A kwaso ta da kwando daga ruwan da take, a bari ruwan ya daina zuba ya koma ɗiga, a juye a buhu ko daro mai zurfi, a auna da sauri, a mayar da ita ruwa.

Awon kansa

A fara da auna mazubi babu komai, kuma a jiƙe, tunda a jiƙe zai yi aiki. A rubuta nauyin a jikinsa da fenti ko a saman shafin littafi. Da mazubi ɗaya za a yi awon duka, ko biyu iri ɗaya. Sikeli mai batir yana da maɓallin da ke mayar da lamba sifiri bayan an ɗora mazubi, to a danna shi a gaban mai kaya, kuma in an yi haka kada a sake cire nauyin daro a lissafi. Cirewa sau biyu tana faruwa, wani lokaci da gangan, wani lokaci don hayaniya.

Mutum uku ne a kan sikeli: mai ɗorawa, mai karantawa, mai rubutawa. Mai ɗorawa ya ɗora ya ja da baya, hannunsa da gwiwarsa da bakin rigarsa duk su bar jikin daron. A na rataye a leƙa ƙasa a tabbatar gindin buhun bai taɓa ƙasa ko sanda ba. A jira allura ta tsaya cak. Sai mai karantawa ya ɗaga murya:

"Karfasa manya, ashirin da bakwai!"

Mai rubutu ya maimaita, "Ashirin da bakwai," ya rubuta.

"Baba, ka gani?"

"Na gani, sauke."

Sai mai kifi ya ce a sauke ake saukewa. Daron da aka auna ya wuce bayan mai saye, wanda ba a auna ba yana gefen jirgi, kada su haɗu a wuri ɗaya, don a nan ake auna ɗaya sau biyu ko a tsallake ɗaya. Shi ma masuncin ya riƙe nasa lissafin. In ba ya rubutu, ya sa yaronsa ya danna a waya, ko a ɗauki hoton shafin kafin a watse.

Rabin kilo ma kuɗi ne. In allura ta tsaya tsakanin 29 da 30, a rubuta 29 da rabi. Masu cewa "a bar shi a 29" ba su taɓa cewa a kai shi 30 ba.

Ga misali, da farashin da na sa don sauƙin lissafi kawai. An auna karfasa sau uku: 27, sai 29 da rabi, sai 24. Jimla 80 da rabi. Daron kilo 2 ne, sau uku 6, saura 74 da rabi. A kan naira 2,000 kowane kilo, kuɗi ya kama naira 149,000. Da an ce daron kilo 3 ne ba tare da an auna shi ba, masunci ya yi asarar kilo 3, wato naira 6,000, a safiya ɗaya a kan iri ɗaya. Da kuma an manta ba a cire daron ba sam, mai saye ne ya biya naira 12,000 a kan ƙarfe.

Babban giwan ruwa shi kaɗai ake auna shi. A zura igiya ta baki ta fito ta kunne a rataye, wutsiya kada ta taɓa ƙasa. A faɗa tun farko ko da kayan cikinsa ake saye ko an feɗe, kuma in an feɗe, na wa ne kayan cikin.

Ƙananan kifi irin ƙawara da 'yan ƙurungu har yanzu da daro ko kwano ko kashi ake sayar da su a yawancin tasoshi, kuma ban ga laifin hakan ba, don ɓata lokacin auna su ya fi ribar. Abin da ya kamata shi ne a san daron. A cika shi yadda aka saba, a shafe ko da tozo, a ɗora a sikeli sau ɗaya a san kilo nawa yake ci. Daga nan in wani ya zo da nasa daron da aka bubbuga gindinsa ya faɗaɗa, za a gane.

Biya da rabo

A yi jimla a wurin, a karanta da ƙarfi iri da iri, kowa ya ce ya yarda. Awon gaci shi ne awo. Kifi yana ɗan raguwa a hanya saboda ruwan da yake fitarwa, wannan kuwa mai saye ya san da shi, cikin ribarsa yake. Kada a yarda da "sai na sake aunawa a can", sai fa in masunci yana da nasa mutum a can ɗin.

In turawa za a yi ta waya, a tuna sabis a bakin ruwa ba shi da tabbas. Saƙon da ya shigo wayar mai karɓa shi ne shaida, ba hoton da ke wayar mai turawa ba. In bashi ne a rubuta adadi da rana a gaban shaida. Masunta da yawa dama akwai kuɗin raga ko na jirgi a kansu daga wajen mai sayen, shi ya sa ba sa iya kai kifinsu wani wuri. To ko a haka, a rubuta cikakken kuɗin kifin yau tukuna, sannan a rubuta abin da aka cire na bashi a wani layi dabam, da abin da ya rage. Bashin da ake cirewa a baki ba ya ƙarewa.

La'adar dillali, kuɗin 'yan dako, abin da ake ba sarkin ruwa ko ƙungiya, da na miyar yaran jirgi, kowace tasha da al'adarta. Na miya dai a cire shi kafin awo.

Lodi

Ɗanyen kifin da ba a sa wa ƙanƙara ba, a zafin bazara, daga safe zuwa yamma ya tashi daga aiki. In tafiyar mai nisa ce, kamar daga Hadeja zuwa Kano, a yi kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi. Daga Tiga zuwa birni da sassafe ƙasa da haka zai iya isa. A farfasa ƙanƙarar ƙanana, don babban dunƙule gefe ɗaya kawai yake sanyayawa, kuma yana ƙuje kifi. A shimfiɗa ta a ƙasa, a jera kifi, a sake zuba ta, a haka har sama, a rufe da ita. Mazubin ya kasance da hujin da narkakken ruwa zai fita. Tsohon firji da aka kwantar yana wannan aiki sosai in an huda masa gindi. Manyan kifi in za su yi nisa gara a cire musu hanji da kunne a wanke kafin a sa.

Tarwaɗa tana shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take jure tafiya da ranta. Ruwa kaɗan take so, wanda ya ɗan rufe bayanta, a yankakkiyar jarka, a ɗaure bakin da raga ko buhun algarara. Kada a toshe da leda, kada a cunkusa. In ruwan ya yi kumfa ya yi kauri a canza shi a hanya. Karfasa ba ta da wannan juriyar, ita ƙanƙara ce maganinta.

Abin da bai samu mota ko ƙanƙara ba ya wuce wurin banda kafin azahar. Mai sayen ɗanye don ya yi banda ya riƙe lissafin nan a kansa tun a gaban sikeli: kilo uku zuwa huɗu na ɗanye ne ke ba da kilo ɗaya na busasshe sosai, ban da kuɗin itace da kwali. Kafin a tashi a wanke tamfol da kwanduna da sabulu a shanya, a haƙa rami nesa da gaci a binne hanji da ruɓaɓɓu saboda ƙuda, a goge sikeli a ɗiga wa ƙugiyarsa da notinsa ɗan mai, mai batir kuma a cire masa batirin a sa shi a leda.